Kyautar Yaya da Ƙaton Kwaɗo

Yaya ya zube kaya a gabana: bokiti, dutsen guga, butar lantarki da wani ƙaton kwaɗo.

"Kyautar gama sakandare ce, Auta. Shekara huɗu na yi a jami'a, na san abin da ɗakin ɗalibai ke buƙata."

Umma har da ƙwalla. "Ka ga ɗan albarka! Ba kawunanku ba, da suka sallame ka da addu'a."

Na kifa bokitin, sai ga sunan wani a gindinsa. Butar ma haka. Dutsen guga har da lambar ɗaki.

"Yaya, ya na ga kowanne da sunan mai shi?"

Ya dafa kafaɗata, ya rage murya.

"Shi ya sa na haɗo maka da kwaɗo."