Mamacin Lamba 214

Ranar Litinin da safe Samira ta buɗe ordinatê, wato kwamfuta, ta tarar mamaci ya sake tashi. Lamba 214, Rayyanu Ɗan Malam, Korgom: yana raye. Karo na uku ke nan.

Wata uku ta yi tana gina wa ƙungiyar manoman nan ta Tasawa shafin intanet da zai maye gurbin tsoffin kundayen rajista. Mutum ya rubuta suna, bayanin manomi ya fito, ya danna ya gyara abin da ke son gyara. Mambobi dubu da ɗari huɗu ta shigar, daga Baudeta har Gidan Amumune, kuma da wannan lista za a raba irin gero kafin ruwa ya sauka, kowane mai rai buhu guda. Don kada ta wahalar da kowa ta ba ma'aikatan biro, wato ofishin ƙungiyar, duka kodi ɗaya na shiga. A lokacin tana ganin dabara ta yi.

Labarin Rayyanu ba ɓoyayye ba ne. Shekara biyu da suka wuce ya hau motar masu neman zinariya zuwa arewa, motar ta ɓata a sahara, ba a sake jin ɗuriyar kowa ba. Wakilin Korgom ya ce an yi addu'a, an yi sadaka. Samira da hannunta ta mayar da shi "ya rasu", wani kuma yana bin bayanta yana dawo da shi.

Shugaban ƙungiya, Alhaji Mudassir, dama bai taɓa yarda da abin da ba ya iya lanƙwasawa ya sa a aljihu ba.

"Ran Alhamis muna da taro," ya ce mata. "In na'urarki tana tada matattu, mu koma ga kundinmu. Ki kawo mini mai yin wanga aiki, ko ki naɗe kayanki."

Ba ta sha wahalar neman wanda za ta zarga ba. Sha'ibu mai riƙe da makullin magaza, ɗakin ajiyar buhuna, matarsa 'yar Korgom ce, ga shi da yawan fara'a, kuma Samira ba ta yarda da namiji mai yawan fara'a kusa da buhuna ba. Kullum sai ya leƙo ya tambaye ta yadda ake gyara wuri kaza. Da can tana cewa son koyo ne, yanzu kuwa kowace tambayarsa sai ta ji ta da wari.

Ta kai kukanta wurin Lalla, sakatariyar da ta shekara goma sha tara tana riƙe da kundayen, wadda ta koyi ordinatê da yatsa ɗaya ba ta taɓa ƙorafi ba. Lalla ta san kowa da sunansa da na ubansa, ko ba ta duba takarda ba.

"Inna, wa ke da wata riba in Rayyanu yana raye?"

Lalla ta gyara zaman tabaranta, ta ci gaba da jera takardu. "Na lamba 214? Allah masani, ɗiyata."

Samira ta koma ta tsefe bayanin nasa. Shekara talatin da huɗu, ba mata, gona ɗaya. Gurbin sunan uwa babu komai, an dai rubuta cewa gwaggonsa ce ta riƙe shi tun yaye. A kundin rabon bara kuma ba wanda ya karɓi buhunsa. Wannan ya ɗan daure mata kai, amma ta ce ɓarawo mai haƙuri ne, yana jira ƙura ta lafa. Haushin Sha'ibu ya ƙara kama ta.

Ranar Talata ta zauna ta sake fasalin shafin. Kowa ya sami kodinsa shi kaɗai. Ta ƙara wani ɓangare da ke ajiye wanda ya taɓa kowane layi da lokacin da ya taɓa, ita kaɗai ke iya buɗe shi. Ta kuma sa akwati ƙarami mai suna "dalili", wanda in ba a cika shi ba gyara ba ya zama. Ta raba kodin tana murmushi, ta miƙa wa Sha'ibu nasa da hannu biyu. Sannan ta sake kashe Rayyanu, ta tafi gida.

Laraba da la'asar ta ga ya tashi. Ba ta buɗe ɓangaren sirrin ba, don so take a gani tare, kada a ce ita ta shirya. Amma bakinta bai iya jira ba, ta raɗa wa Alhaji sunan Sha'ibu.

Alhamis da hantsi wakilan ƙauyuka suka cika biron, baburansu jere a inuwar bedi. Alhaji ya karɓe makullin magaza ya ajiye a kan tebur tun kafin a fara. Sha'ibu ya tsaya jikin bango, fara'ar nan duk ta gudu. Lalla tana kujerarta ta kullum, hannuwanta cikin hijabi.

Samira ta juya allon yadda kowa zai gani, ta danna lamba 214, zuciyarta fes. Ban da nata na Talata, layi ɗaya ne ya fito, jiya ƙarfe uku da minti goma. Ta fara karantawa da ƙarfi, sai ta tsaya, don kodin ba na Sha'ibu ba ne.

Na Lalla ne, kuma a akwatin dalili ta rubuta: "Ɗan farina ne, ni na haihe shi, kuma ban ga gawarshi ba."