Asibitin Bakin Gada

Mai Keke Napep ɗin ya ja birki da ƙarfi, har kan Malam ya zame daga cinyar Safinatu. Ruwan safe ya cinye gadar da ke kai mutum Bodinga. Motocin albasa sun yi layi, direbobi sun baza tabarmi, alamar ba yau ba.

Tun daga Mandera numfashin Malam ke fita da ƙyar. Safinatu ta kira lambobin da ke wayarta har yatsa ya gaji. Wayar kuwa cike take da sunaye, amma tun da duniya ta juya musu baya suka dawo gidan gado, masu sunayen suka kurumce. Mutane ke nan.

Malam ya ja gefen mayafinta. Haka take kiransa, Malam. Shekara arba'in da aure, sunansa na yanka bai taɓa hawa harshenta ba, haka aka tarbiyyantar da ita.

"Akwai asibiti nan baya," ya ce a hankali. "Akwai komi ciki, har injin numfashi."

Ita ma ta san wurin. Suka juya.

Ginin na nan, amma ciyawa ta kai gwiwa, awaki na fakewa a baranda. Wani dattijo mai gadi, Husaini, ya fito yana gyara rawani. Ya dubi ramammen tsohon da aka kwantar, gemu fari fat, bai ga kowa ba sai mara lafiya. Ya kawo tabarmarsa ya shimfiɗa.

"Ina likita?" in ji Safinatu.

"Hajiya, ai wanga wuri bai taɓa ganin likita ba."

"To injin fa? Da gadajen nan farare?"

Husaini ya yi dariyar takaici. "Ashe kin zo biki. Ai na haya ne. Ran buɗewa anka kawo su, gwamna na juya baya anka loda su mota." Ya nuna allon dutse da ke manne jikin bango, wanda awaki suka goge da ƙaiƙayi har yana sheƙi. "Ga sunanai nan. Ya gama gwamna, ya tafi Abuja ya yi sanata, bai ƙara leƙo mu ba. Ɗiyata nan ta cika wurin haihuwa. Ban yafe mai ba."

Safinatu ta sunkuyar da kai. Malam ya buɗe ido ya kafe Husaini da kallo, leɓɓansa na motsi, amma magana ta ƙi fita. Hawaye ya gangara cikin gemunsa.

Husaini bai san me tsohon ke son faɗi ba. Ya ɗauka ƙishi ne. Ya ɗebo ruwa a moɗa, ya tallafi kansa, ya ɗiga masa. Da ya ga ido ya fara juyewa, sai ya durƙusa yana laƙƙana masa kalmar shahada, a hankali, kamar ɗan uwansa na ciki ɗaya.

Safinatu na riƙe da hannun Malam. Tsoro ya cika ta, ga shi ba ta da abin yi ko ɗaya. Tana ji hannun ya saki.

Husaini ya shafe masa ido, ya cire rawaninsa ya lulluɓe shi. Ya daɗe yana addu'a.

"Sai haƙuri, Hajiya. Bari in je masallaci in faɗi, a samu masu sallah. Wa za a ce ya rasu? Mi as sunanai?"

Ta buɗe baki, sunan ya tsaya mata a maƙogwaro kamar kullum. Sai ta ɗaga hannu, ta nuna masa allon dutsen.