Hancin Alhaji Isufu

To ai ba ma Raliatou ce ta zubar da giyar ba. Client ɗin da ta kai wa ne, wani dattijon Bature mai gilashi, ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska, ya ture kofin, jar giyar ta fallatso mata a hannun veste, rigarta ta sama. Veste ɗin baƙa ce, ba a gani. Ta goge da ruwa ta ci gaba da service.

Pascal, mai bar à vin ɗin, wato mashayar da take aiki, ya kai kwalbar hanci sau ɗaya ya ce, "Bouchonné. Yana da gaskiya." Wai toshiyar kwalbar ce ta lalace ta ɓata giyar. Ya miƙa mata ta shinshina, ita dai warin giya ta ji kamar na kullum. Ya yi dariya, ya ce kada ta damu, rabin ƴan Lyon ma ba su ganewa, hanci sai ya yi shekara da shekaru cikin kofi kafin ya kama wannan.

Ita kuwa ko ɗigo bai taɓa shiga bakinta ba. Wallahi ko ɗigo. Alternance take nema, wato aikin da ake haɗawa da karatu, don ta gama master ɗinta, duk inda ta je sai "on vous rappelle", wai za a kira ta, nan kaɗai aka ɗauke ta. A gida kuwa an san a salon de thé, wurin shan shayi, take aiki.

Bref. Ranar nan ake walimar sunan jaririn yayarta Shamsiya a La Courneuve, can gefen Paris. Daga service ta ruga tashar Part-Dieu, ta faɗa TGV, jirgin ƙasa mai gudu, ko canza kaya ba ta samu yi ba.

Kun dai san irin su Alhaji Isufu, mahaifinta. Shugaban ƙungiyar ƴan Damagaram, mai tura motoci gida, farar riga kullum, kanumfari a baki kullum. Duk wata sai ya yi kwana biyu a kudu wai duba motoci, ya dawo ya tara ƴan gidan ya yi musu wa'azi. Bara ɗan ƙanensa Bouba ya kora, saboda gwangwanin giya guda da aka gani cikin jakarsa. Yaron ya rantse na abokinsa ne. Har yau Bouba a foyer, masaukin ƴan ci-rani, yake kwana, kuma ba mai ambaton sunansa. Raliatou ta san wannan sarai, shi ya sa hankalinta ke tashe tun daga jirgi.

Ta tarar da falo cike, ƙamshin turaren wuta da na soyayyen nama ko'ina. Alhaji na zaune tsakiyar manyan baƙi da kofin bissap, wato zoɓo. Yana juya kofin a hankali, ya kai hanci, sannan ya kurɓa. Haka yake yi ko da ruwa ne, har jikoki na kwaikwayonsa a bayan ido.

Ta durƙusa. "Baba, ina wuni? Ina taro?"

Ya ɗora mata hannu a ka zai sa albarka. Sai ya tsaya. Ya kamo hannun veste ɗin, ya ja shi zuwa hancinsa.

"Mi ne ne wannan?"

"Jus ne, Baba. Na inabi. Wata cliente ce ta—"

"Jus." Ya miƙe. Bai ma ɗaga murya ba, abin da ya fi ciwo ke nan. "Jama'a, ku shaida. Na tura yarinya karatu, ta dawo mini da giya cikin gida ranar suna."

Wata ta kashe kiɗan da ke tashi a waya. Raliatou ta fashe da kuka ta faɗi gaskiya duka: e, a bar take aiki, amma ta rantse da Allah ba ta taɓa sha ba, a kawo Alƙur'ani ta dafa.

"Da wannan hannun?" in ji shi.

Innarta, Hajiya Fatsima, ta fito daga kicin da ludayi a hannu. "Alhaji, don Allah, gaban mutane? Bari taro ya watse."

"Ranar da kika ɗaga wayarta, ki haɗa kayanki ki bi ta."

Ya sa ta cire mabuɗin gidan daga cikin mabuɗanta, nan a durƙushe, farcenta har ya karye. Ya juya ya ce wa baƙi ɗiyarsa ɗaya ce a duniya, ga ta can riƙe da jariri. Wani dattijo ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ake riƙon gida, Alhaji." Ko fuskar jaririn ba a bari ta gani ba.

Da kansa ya raka ta bakin ascenseur, na'urar sauka daga bene. A nan, su biyu kaɗai, ya sake kai hanci kusa da hannun rigar, ya yi tsaki, ya faɗi wata magana ƙasa-ƙasa kamar da kansa yake. Ƙofa ta rufe. Kuka bai bari ta tsaya kan maganar ba.

Ta je ta zauna a Gare de Lyon, tashar Paris, tana jiran jirgin komawa. Ta kira Inna, ba a ɗaga ba. Ta kira Shamsiya, an katse. Ta cire veste ɗin ta ɗora a cinya, ta shinshina hannun, ta sake shinshinawa. Warin giya dai, kamar na kullum, ba ta ji komai bayan shi ba.

A nan maganar ta dawo mata, da muryarsa, da tsakinsa, da ƙamshin kanumfarin bakinsa:

"Tir. Kuma ma bouchonné."

To ku ku faɗa mini, mutumin da bai taɓa sha ba, a ina hancinsa ya yi wannan karatun?