Ta Ragu Kaɗan

"Baba, yaya ƙarar yau? Ta ragu?" in ji mai allurar, tana zare ta ƙarshe daga bayan kunnena.

Na dubi 'yata. Hannuna yana cikin nata.

Shekara shida ke nan kunnena yana kuka, tun da na bar aikin injin yankan katako. Wiii, ba hutu, kamar an kulle ni ɗaki ɗaya da injin an yar da makulli. 'Yata ce ta gano wannan magani na tsira wa mutum siraran allurai. Duk Laraba takan baro ofis ta kawo ni.

Dokar wurin biyu ce: mara lafiya ba ya motsi, mai rakiya ya kashe waya. Minti arba'in ina kwance kamar bushiya, ita kuma, don kada in tsorata, sai ta yi ta zuba mini labari: masifar shugabanta, haƙorin jikana da ya fita. Rabon da mu yi hira haka tun tana firamare.

Allurar nan ko gezau ba ta sa ƙarar ta yi ba. Amma in na faɗi haka, 'yata za ta ce ɓata lokaci ne, a daina. In na ce na warke, an sallame ni ke nan. Ko ta ina, Laraba ta koma kamar sauran ranaku, daga ni sai injin.

"Baba, ana tambayarka," in ji 'yata. Hannunta ɗaya har ya fara laluben waya a jaka.

Na riƙe ɗayan gam.

"Ta ragu," na ce. "Kaɗan."