Jita Mai Murya Ɗari

"Ku tahi, mi za ni yi da ku kuma?"

Haka wani mawaƙi ya sallami mai gurmi da mai garaya, abokan tasowarsa a Ƙofar Kware. Sabuwar jitar lantarkinsa, da ya murɗa maɓalli sai ta kwaikwayi kowannensu, ta zuba sautin cikin kwamfuta. Ita ba ta latti, ba ta musu, ba ta warin gumi. Su kuwa, a ganinsa, tarkace ne.

Ya kulle ɗaki yana ta naɗar waƙa shi kaɗai. Ran da waƙar ta kammala, ya zare abin sauraro daga kunne, ya waiwaya yana murmushi.

"Kai, kun jiya kuwa?"

Kwalayen ƙwan da ya manna a bango don tare sauti suka shanye maganar.