Ƙarar Tukunya

Darlene ta sake rafka wa tukunya ludayi, amma beyar ɗin, wata ƙatuwar dabbar daji, sai ƙara matso motarsu yake, motar da suka sayar da gida suka tare a ciki.

Ta harari mijinta. "Wendell, ba kai ka ce ƙara na korarsa ba?"

"Kowa haka yake cewa. Buga dai."

"Kowan nan ya taɓa kwana a daji?"

Mai gadin dajin ya gargaɗe su, in dabbar ta dawo musu, su tattara su tafi. Ina za su?

Beyar ya zauna yana lasar baki.

Sai tsohuwar da ke cikin motar da ke kusa da su ta leƙo. "Haba Darlene, da tukunya nake kiransa cin kifi. Ai lokaci bai yi ba."