Gemun Malam Datti

"Likita, ba inda za ni sai ka ba ni amsa!" Inna Sabuwa ta buga tebur. "Kun yanka mijina a baki, kun ce kun cire ciwon daji. Kun zana masa layi a wuya, na'ura ta gasa inda kuka zana. Ga shi mun sake kwaso jiki daga Gwaram har Ikko, kumburin ya dawo. Wa ya yi aikin banza?"

Likitan ya ɗaga haɓar Malam Datti, ya daɗe yana dubawa.

"Inna, duk inda hasken na'urarmu ya taɓa, gashi zubewa yake. Ni na zana layin nan, har cikin gemu ya shiga. Ga gemu cif, kumburin kuma a ƙarƙashinsa yake."

Sabuwa ta juya. Malam ya sunkuyar da kai, muryarsa a dushe.

"Alwala ce ta wanke zanen. Da zan sake zana shi da tawadata, sai na ɗan sauko da shi ƙasa da gemun. Liman ba gemu, Sabuwa?"

Ta zauna a gajiye, ta gyara mayafi.

"To ga gemu nan, Malam. Da shi za a binne ka."